Titi Na Wa Ne? Tarihin Hanyar Keke Daga Landan Zuwa Ripley

Gabatarwa

Keken da na fara hawa a duniya Rali ne, baƙi mai gidan kaca, wanda mahaifina ya saya tun ba a haife ni ba. A kansa na koyi tuƙi ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ban kai sirdi ba, kuma shi ya kai ni sakandare shekara biyar. Wata rana da la'asar ina komawa gida, sai wata babbar mota ta matse ni har na faɗa lambatu, gwiwa ta ɗaye, ƙafar gaban keken ta lanƙwashe. Yaron motar ya leƙo yana zagina, wai titi ba na keke ba ne. Mutanen da suka ɗaga ni suka yi mini sannu, sa'an nan suka ƙara da faɗa, cewa mai keke ba shi da ta cewa in mota ta taho. Ni ma a ranar haka na ɗauka, don kuwa tun da na buɗe ido abin da na ga ana yi ke nan.

Bayan shekaru Allah ya kai ni Landan ƙaro ilimi, na kama ɗaki a unguwar Roehampton da ke kudu maso yammacin birnin, na sayi tsohon keke don rage kuɗin mota. A nan na ci karo da wata hanya da mahaya keke suke girmamawa, wadda ta tashi daga Landan ta bi ta gefen gandun Richmond, ta ratsa unguwannin Kingston da Surbiton da Thames Ditton da Esher da Cobham, ta dire a wani ƙauye da ake kira Ripley, tafiyar kimanin mil 23. Na bi ta a kan keke, na kuma bi labarinta a ɗakin karatu. Abin da na tarar shi ne duk wani haƙƙi da mai tafiya yake da shi a kan wannan hanya, akwai shekarar da aka same shi da kuma mutumin da ya tsaya har aka ba shi. Wannan labari nake so in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, zango bayan zango.

Zangon farko: gandun sarki

Daga ɗakina zuwa ƙofar gandun Richmond tafiyar 'yan mintoci ce. Gandun fili ne mai faɗin eka 2,500, da tsofaffin itatuwa da tafkuna da bareyi irin na ƙasarsu wajen ɗari shida suna kiwo a sake. A cikinsa akwai titi da ya kewaye shi, kusan mil bakwai, mai hawa da gangara, kuma ranar Asabar da Lahadi da sassafe sai ka ga mahaya ayari ayari suna zagaya shi. Mai kallo zai zaci haka wurin yake tun fil azal.

Sarki Charles na Ɗaya ne ya kewaye wannan fili da katangar bulo mai tsawon mil takwas, aka gama a shekarar 1637, domin ya sami wurin farauta. Gonakin mutane da makiyayar talakawa duk suka faɗa cikin katangar. Don a rage gunaguni sai aka bar wa masu tafiya a ƙasa damar ratsawa, aka sa tsani a wasu wurare. Haka aka zauna fiye da shekara ɗari, har 1751, lokacin da aka ɗora Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, a kan kula da gandun. Ita kuwa sai ta rufe shi, ba mai shiga sai wanda ta ba takardar izini. Mutanen gari suka rubuta koke, ba a kula su ba.

A 1755 wani mutumin Richmond mai suna John Lewis, mai sana'ar dafa giya, ya tafi ƙofar Sheen da abokinsa. Suka jira har aka buɗe wa wata karusa, shi kuma ya bi bayanta zai shiga. Mai gadin ƙofar, wata mace da ake kira Martha Gray, ta tare shi ta fitar da shi. Abin da yake nema ke nan, don yanzu ya sami shaida. Da yake ba shi da halin gurfanar da 'yar sarki kai tsaye, sai ya kai ƙarar mai gadi. Aka yi ta jan shari'ar har watan Afrilu na 1758, sa'ad da kotu ta zauna a Kingston ta ba shi gaskiya. Aka ba shi zaɓi tsakanin a yi ƙofa ko a kafa tsani, ya zaɓi tsani, domin ƙofa ana iya kulle ta gobe. Har yanzu akwai wata mashiga ta gandun da take ɗauke da sunan tsanin nan. Lewis ya talauce daga baya, ya rasu a 1792, shekaru masu yawa kafin a ƙera keke na farko. Duk da haka kowane mahayin da ya shiga gandun nan yana cin moriyar tsayuwar da ya yi a bakin ƙofar Sheen.

Zango na biyu: hanyar da aka yi wa ƙaura

In ka fita ta ƙofar kudu sai ka gangara cikin Kingston, daga nan ka kama gaɓar kogin Thames a kan titin da har yau ake kira hanyar Portsmouth. Asalinta babbar hanya ce da ta haɗa Landan da Portsmouth, mazaunin sojan ruwan Ingila. A ƙarni na 18 da farkon na 19 karusan doki ne suke zirga-zirga a kanta dare da rana. Akwai shingaye inda ake karɓar kuɗin hanya, da kuɗin ake gyaranta, kuma kowane ƙauye yana da masauki inda ake sauya dawaki, fasinja su ci abinci. Shimfiɗar hanyar tsakuwa ce da aka daddage bisa dabarar John McAdam, babu kwalta ko kaɗan.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo daga Landan zuwa Southampton ya kammala a 1840, wanda ya miƙe kai tsaye zuwa Portsmouth kuma a 1859. Fasinja da wasiƙu da kaya duk suka koma jirgi. Karusai suka tsaya, kuɗin shinge ya ƙafe, kwamitocin da ke kula da hanyoyi suka rushe ɗaya bayan ɗaya. Manyan hanyoyin Ingila suka zama kufai, ƙura da rani, taɓo da hunturu, masaukai kuma ba baƙi. Wanda ya san abin da ya sami tsofaffin zangunan fatake bayan jirgi ya iso Kano zai gane irin wannan mutuwar kasuwa.

A wannan hali masu keke suka tarar da hanyar Portsmouth a shekarun 1870. Kekensu ba irin namu ba ne. Ƙafar gaba doguwa ce, takan kai ƙirjin mutum, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya, feda a manne da ƙafar gaba, tayar kuma roba ce daskararriya ba iska. In dutse ya tare ka, ta ka za ka sauka. Saboda haka sai samari masu ƙarfi da abin hannu suke hawansa, kuma su ne suka fi kowa sanin inda rami yake a hanya. Suka zaɓi wannan hanya don shimfiɗarta ta fi sauran kyau, tana ratsa dazuzzuka, kuma mutum zai iya zuwa Ripley ya ci abincin rana ya dawo Landan kafin dare.

Ba a karɓe su hannu biyu ba. Masu karusa suna tsarga musu bulala, yara suna jifa, ƙananan hukumomi kuma kowace tana kafa tata doka, ta yadda abin da ya halatta a wannan gari laifi ne a na gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka kafa ƙungiyoyi. A 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon keke a garin Harrogate, wadda daga 1883 aka san ta da sunan CTC, kuma a wannan shekarar ta 1878 aka kafa wata ta masu tsere. A 1879 wata kotu ta yanke cewa keke abin hawa ne daidai da karusa a idon doka. Abin ban dariya, hukuncin ya fito ne daga shari'ar wani mahayi da ya banke mai tafiya a ƙasa, watau an ba keke matsayi ne don a sami damar hukunta shi. Ƙungiyoyin suka riƙe wannan matsayi gam, har ya shiga dokar ƙananan hukumomi ta 1888, a sashe na 85. Sashen ya soke tarkacen dokokin garuruwa, ya tabbatar wa keke haƙƙin bin titi, ya kuma ɗora wa mahayi wajibcin kunna fitila da dare da yin gargaɗi da ƙararrawa. Wannan doka ce kuma ta kafa majalisun gundumomi ta danƙa musu kula da manyan hanyoyi.

Zango na uku: Ripley

Ana cikin haka keken kansa ya canja kama. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da keken Rover, mai kaca zuwa ƙafar baya, wanda shi ne kakan duk kekunan da muke hawa. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar taya mai iska. A daidai wannan lokaci Frank Bowden ya zuba jari a wata 'yar maƙera da ke titin Raleigh a Nottingham, wadda ta zama kamfanin da ya ƙera keken mahaifina. Da waɗannan abubuwa suka haɗu, sai tsoho da mace da mai tsoron faɗuwa duk suka iya hawa. A 1895 matan manyan gari suka mayar da lambun Battersea na Landan wurin fitowa da keke kowace safiya, sauran jama'a kuma suka nufi bayan gari. A wata Lahadi ta hutun Kirista a 1894, 'yan sandan Kingston sun ƙiyasta mahaya dubu ashirin ne suka ratsa garin suka nufi Ripley. A 1899 'yan ƙungiyar CTC sun haura dubu sittin.

Ɗaliban adabi za su so su san cewa H. G. Wells ya ɗora littafinsa The Wheels of Chance, na 1896, a kan wannan hanya. Tauraron labarin yaron kanti ne a Putney, mai sayar da yadi, wanda ya sami hutun kwana goma ya hau tsohon keke ya bi ta Kingston da Ripley. Wells da kansa ya taɓa zama yaron kantin yadi, ya san abin da ake nufi da mutum ya yini a tsaye yana hidimar wasu, sa'an nan ranar hutu ya sami abin da zai fitar da shi daga hayaƙin birni ba tare da ya sayi tikiti ko ya nemi izinin kowa ba.

Na isa Ripley da hantsi. Ƙauye ne mai titi ɗaya mai faɗi, kuma tsohon masaukin da ake kira Anchor yana nan a tsaye da gininsa na katako da bulo. A zamanin da nake magana iyalin Dibble ne suke riƙe da shi, uwa da 'ya'yanta mata biyu, Annie da Harriet. Su ne suka buɗe wa mahaya ƙofa lokacin da wasu masaukai suke ƙyamarsu saboda ƙura da gumi. Daga 1881 suka ajiye littafin baƙi, kuma kowace shekara dubban mutane suke sa hannu a ciki. Da 'yan matan biyu suka rasu, ɗaya a 1895 ɗaya a 1896, mahaya suka yi karo-karo aka sa taga mai gilashi masu launi a cocin ƙauyen don tunawa da su. A cikin cocin kuma akwai allon tunawa da Herbert Cortis, wanda a 1882 ya zama mutum na farko da ya yi tafiyar mil 20 cikin sa'a ɗaya a kan keke. Ƙauyen da jirgin ƙasa ya kashe wa kasuwa, keke ne ya farfaɗo da shi.

Zango na huɗu: Ockham

A hanyar dawowa na ratse zuwa Ockham, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Ripley, don in ga ginin da a da yake masaukin Hautboy. A watan Oktoba na 1898 wata mace mai sarauta, Lady Harberton, ta iso nan a kan keke tana neman abincin rana. Ita ce ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya a 1881 mai neman a sauƙaƙa tufafin mata, domin doguwar rigar zamanin tana da nauyi, kuma a kan keke takan shiga kaca ta kayar da mai ita. Ranar tana sanye da wando mai faɗi da ya tsaya ƙasan gwiwa. Mai masaukin, Martha Sprague, ta hana ta zama a ɗakin cin abinci, ta nuna mata ɗakin mashaya inda maza suke busa taba. Lady Harberton ta ƙi, ta hau kekenta ta tafi.

Ƙungiyar CTC ta kai ƙara, tana dogara da tsohuwar ƙa'idar da ta hana mai masauki korar matafiyi. Aka yi shari'ar a Kingston a watan Afrilu na 1899, garin da aka yi ta John Lewis shekara 141 kafin nan. Wannan karon mai ƙara ce ta faɗi, don an ce ai ba a hana ta abinci ba, ɗaki kawai aka sauya mata. Mai karatu yana iya samun nasa ra'ayi a kan maganar tufafi, kuma kowace al'umma da tata al'ada. Abin da ya shafi tarihinmu shi ne cewa shekara goma bayan doka ta ba keke titi, har yanzu ana gardama a kan wane ne zai more wannan haƙƙi, kuma ba kowace gardama ake ci ba.

Kura da shan bugu

Tun a 1886 ƙungiyoyin keke biyu suka haɗu suka kafa ƙungiyar neman gyaran hanyoyi. Suka buga ƙasidu suna koya wa ma'aikata yadda ake shimfiɗa tsakuwa, suka kafa allunan gargaɗi a kan gangara mai haɗari, suka matsa wa hukumomin da suka yi sakaci. Duk wannan an fara shi ne shekara goma kafin dokar 1896 da ta sakar wa mota mara a Ingila. A 1901 William Rees Jeffreys, wanda ya fito daga cikin CTC, ya zama sakataren ƙungiyar, kuma shi ya shirya gwajin injinan watsa kwalta a 1907. A 1910 gwamnati ta kafa hukumar hanyoyi, ana ba ta kuɗi daga harajin mota da na fetur. Daga nan kwalta ta fara malala.

Gaskiya ita ce da yawa daga masu motar farko tsofaffin mahaya keke ne da suka sami kuɗi. Kamfanonin Rover da Humber da Singer duk da keke suka fara, William Morris na Oxford kuma gyaran keke yake yi kafin ya ƙera mota. Hanyar Ripley da suka saba da ita, nan suka kawo motocinsu. Dokar 1903 ta ƙayyade gudu a mil 20 cikin sa'a, 'yan sandan gundumar Surrey kuma suka riƙa laɓewa a bayan shinge da agogo suna kama masu wuce ƙima. A 1905 masu mota suka kafa ƙungiyar AA, kuma aikinta na farko shi ne ɗaukar mahaya keke su riƙa sintiri a hanyoyin Brighton da Portsmouth suna sanar da direbobi inda 'yan sanda suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1927 Firayim Minista Stanley Baldwin ya buɗe titin da ya kewaye Kingston, mil takwas da rabi, don motoci su huta da cunkoson gari. Nan da nan magina suka jera gidaje a gefensa, gonaki suka zama unguwanni. A 1930 aka cire ƙa'idar gudu ga ƙananan motoci baki ɗaya. A 1934 mutum 7,343 suka mutu a titunan Birtaniya, 1,536 daga cikinsu masu keke ne. Aka dawo da ƙa'idar mil 30 a cikin gari, kuma a watan Disamba na wannan shekara ministan sufuri, Leslie Hore-Belisha, ya buɗe wata keɓaɓɓiyar hanyar keke mai tsawon mil biyu da rabi a gefen titin Western Avenue, a yammacin Landan.

A nan ne na sami abin da ya fi ba ni tunani. Ƙungiyar CTC ta ƙi wannan hanya, ta yaƙe ta. Hujjarta ita ce in aka ware wa keke lungu, gobe za a tilasta masa zama a ciki, haƙƙin 1888 ya tafi, kuma hanyoyin da aka yi suna yankewa a mahaɗa, daidai inda haɗari ya fi yawa. Tsoronta irin na John Lewis ne game da ƙofa, kuma yana da tushe. Amma jagororinta ƙarfafan mahaya ne da ba sa shakkar mota. Ma'aikacin da ke zuwa masana'anta da yarinyar da ke zuwa makaranta, su ne mafi yawan masu keke, kuma ba a tambaye su ba. Aka gina 'yan ɗaruruwan mil kafin yaƙin duniya na biyu, bayansa aka bar su ciyawa ta cinye.

Sakamakon yana cikin alƙaluman gwamnati. A 1949 mutanen Birtaniya sun yi tafiyar kusan kilomita biliyan 24 a kan keke, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk zirga-zirgar titi. A 1973 abin ya faɗo ƙasa da biliyan 4. Haƙƙin yana nan a takarda, ba wanda ya soke shi, sai dai uwa ba ta yarda ɗanta ya gwada shi ba. A shekarun nan da kasuwar gida take mutuwa, ƙasashe irin namu suna cikin waɗanda suka riƙe kamfanin Rali, har ya kafa masana'anta a Kano. A Nottingham kuwa an daina haɗa keke a 2002. Ita ma tsohuwar hanyar, tsakanin Cobham da Ripley babban titin A3 ya haɗiye ta, don haka dole na bi ta ƙananan hanyoyin ƙauye.

Komowar keke

A 1976 aka buɗe titin da ya kewaye Ripley, manyan motoci suka daina ratsa ƙauyen, ya sami sararin numfashi. Sannu a hankali mahaya suka dawo. A ranakun 28 da 29 ga Yuli, 2012, tseren keke na wasannin Olamfik na Landan ya bi ta gandun Richmond da Ripley da Esher da Kingston, Alexander Vinokourov na Kazakistan ya ci na maza, Marianne Vos ta Holan ta ci na mata. A 2014 hukumar birnin ta zaɓi unguwanni uku na bayan gari, Kingston da Enfield da Waltham Forest, ta ba kowace wajen fam miliyan 30 don ta yi hanyoyin keke irin na Holan. Da wannan kuɗi aka ware wa keke nasa layi a gaɓar kogi, a kan hanyar Portsmouth ɗin nan, kuma a kansa na ga yara da tsofaffi suna tafiya hankali kwance. Shekara tamanin ke nan bayan Western Avenue, kuma wannan karon masu keke ne suka nema.

A gandun Richmond ma an sami sauyi. Lokacin annobar korona a 2020 an rufe shi ga motoci, har keke ma an dakatar na ɗan lokaci saboda cunkoso. Daga baya aka gwada hana motoci ratsa wasu sassan titin, aka tabbatar da hanin a 2022. Sai dai laifi tudu ne. Na ga mahaya suna gangarowa a guje ba sa ko kallon tsohuwar da ke son tsallakawa, watau abin da aka yi musu suna yi wa wanda ya fi su rauni, kamar mutumin shari'ar 1879. Shi ya sa na ga hikima a gyaran da aka yi wa ƙa'idojin hanya na Birtaniya a watan Janairu na 2022, inda aka jera masu amfani da titi bisa ga ɓarnar da kowa zai iya yi. Mai babbar mota shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye saura, sai mai ƙaramar mota, sai mai keke, mai tafiya a ƙasa kuma shi ake fara karewa.

Kammalawa

Ban kawo wannan tarihi don in ce mu kwaikwayi Ingila ba, domin ita kanta ta yi kuskuren da ta shafe shekara hamsin tana gyarawa. Na kawo shi ne saboda maganar yaron motar nan, da kuma yadda na yarda da ita ba tare da na tambaya ba. A hanyar Ripley na ga titi ya zama na karusa, ya zama kufai, ya zama na keke, ya zama na mota, kuma yanzu ana sake rabonsa. Kowane sauyi mutane ne suka kawo shi, ta hanyar ƙara a kotu, ko ƙungiya, ko kasafin kuɗi, ko zanen injiniya. Na kuma ga cewa haƙƙi a takarda bai isa ba in babu wurin da mai rauni zai bi lafiya, wurin bi kuma bai isa ba in babu dokar da ta hana a kulle shi gobe.

A cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda za su zana tituna, da waɗanda za su rubuta doka, da waɗanda za su raba filaye a sababbin unguwanni. Da yawanmu a kan keke aka kawo mu makarantar firamare, kuma har yau mai kai madara da mai faskare da ɗan makaranta da leburan da ke shigowa daga ƙauye da asuba suna raɓe a bakin kwalta suna neman tsira da ransu. Roƙona shi ne ranar da aka shimfiɗa taswira a gabanku, ku tambaya ta ina mai keke zai bi, ta ina mai ƙafa zai tsallaka, kuma wane fili aka bar wa jama'a su sha iska. Ga ɗaliban tarihi kuma, ga aiki yana jira: dattawan da suka yi fatauci a kan keke, da masu faci, da masu haya, suna nan da ransu a garuruwanmu, kuma ya kamata a je a ɗauki labarinsu tun suna iya bayarwa.

Keken mahaifina yana nan a zaure, an miƙe ƙafar gaban, kuma ƙanena yana hawansa zuwa makaranta a kan titin da na faɗi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu dace.